Sana'ar Cikin Gida Da Mutuncin Iyali

 

A wannan mako muna so mu ba masu karatu labarin abin da ya auku a gidanmu, ko Allah Ya sa wani ya ƙaru. Mu dai almajirai ne, mun yi shekara talatin muna karantarwa a zaure a ƙasar Tudun Wada, abincinmu kuwa daga 'yar gona ne da kuɗin Laraba. Da aka janye tallafin man fetur a 2023, tsada ta kai inda hatsin rumbu ke ƙarewa tun kafin shuka. Ran nan bayan Lisha sai uwargida ta ce, "Malam, da za a ba ni ɗan jari, da na riƙa turara shinkafa kamar maƙwabta."

Gaskiya ɗaya ce, da farko kunya ta kama mu, muna gudun a ce malami ya kasa ci da iyalinsa. Amma da muka koma ga abin da mu kanmu muke karantarwa, sai muka ga kunyar ba ta da madogara. Nana Khadija 'yar kasuwa ce. Zainabu, matar Abdullahi ɗan Mas'udu, da aikin hannunta take taimakon mijinta, aka kuma yi mata bushara da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Nan kusa da mu ma, Alhassan Ɗantata da aka haifa a Bebeji a 1877, gidan fatauci ya taso, uwa da uba duk 'yan kasuwa ne, kuma bai rasu a 1955 ba sai da sunansa ya game Afirka ta Yamma.

Saboda haka muka ƙulla ƙiradi da ita yadda malaman Malikiyya suka shimfiɗa, watau jari namu, tsabar kuɗi ba kaya ba, aiki nata, riba a raba biyu, in kuwa aka yi asara ba da sakaci ba, mai jari ke ɗauka. Muka yarda da abu biyu: ba tauye mudu ko cuɗa mai kyau da maras kyau, kuma 'yarmu ba za ta bar makaranta ta ɗauki talla ba. Yayanta zai riƙa sayo shanshera, ya kai inji a casa, masu sari su zo ƙofar gida su auna.

Aikin fa ba wasa ba ne. A jiƙa, a turara a kan murhu, a shanya, a riƙa juyawa da rana tsaka. Daminar farko ruwa ya doki shanyar buhu biyu, shinkafar ta yi baƙi, aka sayar da ita a wulaƙance. Uwargida ta yi kuka, tana cewa ta cinye mana jari. Muka ce mata hukuncin da muka karanta ba na ranar riba kaɗai ba ne, asarar tamu ce. Muka sayar da tunkiya, aka sake ɗora tukunya.

Yau ciyarwa tana nan a wuyanmu, domin dukiyar mace tata ce, miji ba shi da ikon taɓa ta sai da yardarta. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da autanmu, daga kasonta ta biya magani, ba wanda ya roƙe ta. Yarinyar nan kuwa tana nan tana karatunta.

To, ya 'yan'uwa magidanta na Kiru da Bebeji da Doguwa, Allah Ya hore mana masara da gyaɗa da shinkafa, ga ruwan Tiga tun 1974, ga kasuwa a Kwanar Ɗangora. Wanda iyalinsa suka nemi sana'a, kada girman kai ya sa ya hana, kada kuma kwaɗayi ya sa ya sakar musu cefane don ya ga sun samu.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya sa albarka a cikin gidajenmu.