Turaren Da Aka Daina Yi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa masu karatu labarin wata 'yar kwalba, ko Allah ya sa wani ya amfana.

A shekarar 1976 mahaifina ya sauke farali, ya komo wa mahaifiyata da tsarabar wani turaren Faransa da ya saya a Jidda. Sunansa Joy, watau farin ciki. Kwalbar ba ta kai tsawon yatsa ba, amma ya ce kuɗinta ya ɗara na rago. Inna ta naɗe ta cikin ƙyalle ta sa a ƙasan adaka, ba ta fito da ita sai ran Salla ko ran suna. Takan dangwala murfin a bakin mayafinta sau ɗaya tak, amma sai ɗakin ya kwana uku yana ƙanshin yasmin da wardi. Mu yara, ko ba a gaya mana an ga wata ba, da mun ji wannan ƙanshi mun san gari ya waye da Salla.

Sai da na girma na san asalinsa. Wani mai ɗinkin tufafin mata a birnin Faris, Jean Patou, shi ya sa aka haɗa shi. Ya fito a 1930, bayan karayar ciniki ta 1929 ta tsiyata attajiran Amurka masu sayen tufafinsa. Ku duba, jama'a, a lokacin baƙin ciki aka raɗa masa suna farin ciki! Masu yinsa sun ce kowace 'yar kwalba mai oza ɗaya sai ta ci furen yasmin 10,600 da na wardi 336. Shi kuwa yasmin da hannu ake tsinkarsa, da sassafe, tun rana ba ta taɓa shi ba. Don haka aka yi masa kirari da turaren da ya fi kowane tsada a duniya.

Da Allah ya yi wa Inna rasuwa, kwalbar ta faɗo a rabona, saura ɗan kaɗan a gindinta. Na zaga kantunan Kano ina neman irinta, har wani mai kanti ya nuna mini wani sabo mai wannan suna. Turare ne mai kyau, amma ba shi ba ne. Ashe tun 2018 gidan Patou ya koma hannun wasu, daga baya kuma aka daina yin na dā.

To, sai rowa ta kama ni. Na kulle kwalbar, na hana kowa taɓawa, ni kaina ban buɗe ba. Rannan na ɗauko, na ga ruwan ya yi ja, ya ragu, alhali ba wanda ya shafa. Zafi da daɗewa suna cinsa a ɓoye. Allah Sarki! Hoton Inna yana nan, muryarta ma mun ɗauka a kaset, amma ƙanshi ba ya rubutuwa, ba ya ɗaukuwa. In ya tafi ya tafi ke nan.

Saboda haka ran Sallar da ta wuce na kira 'yata, wadda ta ci sunan marigayiya, na dangwala mata a mayafi kamar yadda kakarta ke yi. Da ta gifta ta tsakar gida, ƙanwata ta ajiye ludayi ta fashe da kuka, sa'an nan muka yi wa Inna addu'a gaba ɗaya.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ni ran nan na ji daɗin duka biyu. Shawarata ga wanda ke da irin wannan ajiya, kada ya bar adaka ta shanye ta; ya buɗe yara su shaƙa. In kuwa akwai mai sauran kwalba da zai iya rabuwa da ita, don Allah ya sanar da ni ta hannun Edita.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Katsina.