Akwatin Kifi: A Amurka Shiru Ake Nema, A Abuja Wuta Ake Jira

Baƙon da ya taso daga Abuja ya shiga falon mai kiwon kifin ado a Amurka, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne shirun wurin. Ga akwatin gilashi cike da ruwa, ruwan yana malala ta bututu zuwa wani tanki da ke ɓoye a ƙasa, a tace shi, famfon lantarki ya mayar da shi sama, dare da rana, amma ko ƙara ba ka ji.

Asalin ƙarar da ake gudu ba ɓoyayye ba ne. Idan ruwa da iska suka haɗu a bututu ɗaya, sai su yi ta kokawa, bututun ya riƙa ƙugi kamar cikin mai jin yunwa, wani lokaci ya ja munshari. Masu wannan sha'awa a Amurka sun daɗe suna fama da matsalar. A ƙarshen shekarun 1990 Richard Durso ya fito da bututu mai lanƙwasasshen baki da ke nutse cikin ruwa, da ɗan rami a samansa don iska ta shiga a hankali. Ƙarar ta ragu, amma ba ta ƙare ba.

A 2004 aka samu tsarin da ake kira Herbie, mai bututu biyu. Na farko ana daidaita shi da makulli har ya cika da ruwa zalla, ba iska ko kaɗan, ya riƙa zuƙo ruwa kamar yadda direba ke zuƙo fetur da tiyo. Na biyu, na ko-ta-kwana, yana tsaye a bushe, yana jiran ranar da na farko zai toshe. A 2008 tsarin Bean Animal ya ƙara na uku, wanda ke ɗaukar ɗan rarar ruwa yana zirarawa a jikin bututun.

A Abuja lissafin ya sha bamban. Kifin da aka fi sani shi ne tarwadar da ake kiwo a tankin roba ko na siminti, a kai ta kasuwar kifi ta Kado, kuma mai ita murna yake idan ya ji ƙarar zubar ruwa, domin alama ce kifi na samun iska. Akwatin ado kuwa an fi ganinsa a otal-otal da ofisoshi da manyan gidajen Maitama da Asokoro, inda rurin janareta kan danne kowane ƙugin bututu.

Damuwar mai akwati a nan ita ce ɗaukewar wuta. Da zarar famfo ya tsaya, ruwan da ke saman akwatin zai gangaro cikin tankin ƙasa, har bututun mayar da ruwa ma ya juya ya shiga zuƙowa. In tankin bai da sarari, sai darduma ta jiƙe. Shi ya sa gwanin mai haɗa famfo kan huda ɗan ƙaramin rami a bututun, dab da saman ruwa, don iska ta katse zuƙon, sannan ya bar tankin ƙasa bai cika ba. Idan an kawo wuta, bututun zuƙo irin na Herbie sai ya amayar da iskar da ta shige shi kafin ya yi shiru, kuma a daidai wannan lokaci ne bututun ko-ta-kwana ke hana ambaliya. Abin da Ba'amurke ke gwadawa jefi-jefi, mazaunin Abuja kan gan shi sau da yawa a yini guda.

Hunturu ma yana da nasa rabon. Busasshiyar iska na shanye ruwan tankin ƙasa, famfo ya fara haɗiyar iska yana ƙara, sai an riƙa ƙara masa ruwa.

Kayan aikin dai ba sai an yi odarsu daga waje ba: bututun roba da gwiwarsa da makulli duk suna nan a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Kafin a zuba kifi, sai a kashe famfo da gangan, a tsaya a ga inda ruwan tankin ƙasa zai tsaya, a sa masa alama.