Fuskar Baffa a Titin Elm

Kyamarar da nake yawo da ita a tsakiyar birnin Greensboro na Amurka irin ta da ce, Yashica Mat-124G. Daidai ciki ake riƙe ta, mutum ya sunkuyar da kai ya leƙa gilashin da ke samanta. Hoto 12 kacal fim ɗinta yake ɗauka, shi ya sa ba a danna ta sai an yi lissafi.

Washegarin ƙaramar Sallah baffana, wanda ya zo mana ziyara daga Katsina, ya ce in ɗauke shi a gaban tsohon kantin Woolworth da ke titin Elm. A nan ne ranar 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu baƙaƙen fata na jami'ar A&T suka zauna a teburin cin abincin da aka keɓe wa Turawa, suka ƙi tashi. Tun 2010 ginin ya zama gidan tarihi. Baffa ya tsaya cikin farar babbar riga, na leƙa gilashi, na gan shi tas. Da aka wanko fim, riga ta fito toka-toka, fuska kuwa duhu ne kawai, ko idanunsa ba a gani. A lokacin har ya koma gida. Abin ya daɗe yana cina.

Gilashin ne ya fara ruɗa ni. Irin wannan kyamara idanu biyu gare ta: na sama na kallo, na ƙasa na ɗauka. Na saman kullum a buɗe yake wangangan, don haka duk yadda ka tsuke na ƙasa, abin da kake gani garau yake.

Sai ma'aunin hasken da ke jikinta. Shi bai san fari ba, bai san baƙi ba. An saita shi ne a kan ruwan toka matsakaici, wanda ke maido kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Da ya ga farar shadda ta cika gabansa, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya ce in rage. Na rage, fuskar Baffa ta tafi. Ga kuma kuskuren batir: an ƙera ma'aunin don batirin makuri mai bolt 1.35, irin da aka hana sayarwa a Amurka a 1996, ni kuma na saka masa mai 1.5.

Tun daga nan na sauya aiki. Ina ɗauke da ƙaramin ma'auni na hannu mai farin ƙoƙo. Nakan taka har gaban mutum, in ɗora shi ƙarƙashin haɓarsa, ƙoƙon na fuskantar kyamara. Hasken da ke sauka a kansa nake aunawa, launin rigarsa bai shiga lissafi ba. Idan fatarsa irin tamu ce, nakan ƙara buɗe ido rabin mataki ko mataki guda, domin fim irin Portra 400 yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa. Titin Elm ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa, da yamma dogayen gine-gine kan jefa gefe ɗaya cikin inuwa, taku kaɗan na iya canja awo sosai. Duk inda mutum ya gusa, sai na sake aunawa.

Bayan shekara biyu Baffa ya dawo, muka koma wurin. Da na kai ma'auni kusa da gemunsa ya ce, "Ɗana, wannan kuma na mene ne?"

Na ce, "Baffa, ku ɗan yi haƙuri, hasken fuskarku nake dubawa."

A wannan hoton ana ganin furfurar gemunsa ɗaya bayan ɗaya, ana kuma ganin aikin aska takwas da ke ƙirjin rigar.