Ranar da Inna ta sa na ɗauke ta a babur zuwa rumfar zaɓe

Jiya da daddare a teburin mai shayi aka taso da zancen zaɓe mai zuwa, sai wani abokina ya ce shi kam ya gama da bin layi, ai tun kafin a dangwala an riga an rubuta wanda ya ci. Ban yi masa gardama ba, domin ni ma na taɓa faɗin haka da bakina. Bari in ba ku labarin abin da ya canja mini ra'ayi.

Ranar Asabar 9 ga Maris 2019, ranar zaɓen gwamna, ban je rumfa ba. Ranar ta dace da ban ruwan albasata a filin noman rani na Watari, sai na ce wa kaina ƙuri'a ɗaya me za ta ƙara, me za ta rage? Na ɗauki fartanya na yi gona, katina yana aljihun wata rigar a gida. Kun san abin da ya biyo baya. Aka ce zaɓen Kano bai kammala ba, aka sake shi a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris. Da aka tattara, Ganduje ya samu 1,033,695, Abba ya samu 1,024,713. Tazarar 8,982 ce kacal. Jihar Kano tana da mazaɓu 484. Ku raba ku gani: bai kai mutum 19 a kowace mazaɓa ba. Wallahi majalisarmu ta ƙofar gida kaɗai ta fi haka yawa in an idar da Isha'i.

Na san wani zai ce, to abin da ya faru a Gama fa? Kowane ɓangare da yadda yake ba da labarin ranar, kuma ba wannan na zo tayarwa ba. Abin da na lura da shi ni dai shi ne, rigima da murɗiya sun fi samun ƙofa inda tazara ta yi kaɗan. Mu da muka zauna a gida mu muka ƙuntata tazarar, ko wa muke so.

Duk da haka ban daddara ba. A 2023 ga wahalar canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na cefane, 'yan sari sun karya mana farashin kaya don ba tsabar kuɗi a hannu. Raina a ɓace, zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu ma ban leƙa ba. Na gwamna da aka ɗaga daga 11 zuwa 18 ga Maris, shi ma na yi niyyar wucewa gona.

Da sassafe ina ɗaure buhu a bayan babur sai ga Inna ta fito da mayafinta, kati a ƙulle a bakin zani. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai wannan, sauke buhun nan ka kai ni makaranta."

Na ce, "Haba Inna, da ciwon ƙafar nan? Me suka taɓa tsinana miki?"

Ta ce, "Uwata har aka yi mulkin su Sardauna aka gama ba a taɓa barinta ta jefa ƙuri'a ba, don tana mace. Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan maganar nan. Ni a 1979 ina goyonka na je na dangwala wa mukullin Malam Aminu, da damina, cikin taɓo. Abin da aka sha wuya kafin a ba ni, ba zan mayar da shi da hannuna ba."

Na rasa ta cewa. Na sauke buhun.

A hanya ta tuna mini hatsarin kwalekwale na ƙarshen Nuwamba 2021, da ya kife a ruwan Watari ɗauke da mutanen Badau za su tsallako Bagwai, aka rasa rayuka fiye da ashirin, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Duk mun je gaisuwa a lokacin, duk mun yi ta faɗin a kawo jirage masu kyau, a gyara hanya. Inna ta ce, "Wanda zai zo neman ƙuri'a, littafi yake dubawa ya ga garin da ke fitowa. Garin da ba ya fitowa, jaje kawai ake kai masa." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai yi magana ba wa zai hau rufin?

Da muka isa firamare, layin mata ya ninka na maza. Malaman zaɓe suka shigar da Inna gaba saboda tsufa. Na'urar BVAS ta ƙi karanta yatsanta, shekaru na surfe da kaftu sun shafe zanen, sai aka ɗauki fuskarta ta wuce. Wani ya raɓo ta da taliya da turmin atamfa, ta ce ya kai wa uwarsa. Ni kuwa kunya ta sa na koma gida da gudu na ɗauko katina. Sai bayan Azahar na samu jefawa. Albasar ta jira ni har washegari, ba abin da ya same ta.

A wannan zaɓen Abba ya samu 1,019,602, Gawuna 890,705. Amma a cikin mutum kusan miliyan shida da suka yi rajista a Kano, wajen ɗaya cikin uku ne kawai suka fito. Sauran biyun suna nan tare da mu, kuma sau da yawa su suka fi kowa zafin baki a Facebook.

Ga abin da na koya, ko zai amfani wani. Ka nemo katinka tun yanzu, kada sai daren zaɓe. Ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, kuma duk wanda ke kan layi kafin 2:30 na rana dole a bar shi ya jefa. In an miƙo maka takardar ƙuri'a, juya bayanta ka ga hatimi da sa hannun malamin zaɓe. Kun tuna kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'u fiye da 165,000 a kan wannan batun, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta maido da su. In ka jefa, ka dakata a ƙirga a gabanka, a liƙa sakamako a bango. Kuma don Allah samari, kada wani ya ba ku gora ko ƙwaya ku je ku daki ɗan maƙwabcinku. 'Ya'yan mai ba ku suna gida a kwance.

Ba zan ce muku ku zaɓi wane ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa daga ranar komai ya gyaru a garinmu ba. Taki yana nan da tsada, hanyarmu tana nan yadda take. Amma yanzu in ɗan siyasa ya tsaya a ƙofar gidanmu, ina iya duban idonsa in tambaye shi alƙawarin bara.

Abokina na teburin mai shayi, na san kana karantawa. Ranar zaɓe ni zan biyo maka, bayan na sauke Inna.

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya sa a yi lafiya a gama lafiya. Amin.