Sabuwar Mota a Cikin Birnin Zariya

Lungunan cikin ganuwa domin ƙafa da doki aka fitar da su. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, mai sabuwar mota na gogayya da 'yan acaɓa da masu baro. Gidajenmu kuwa zaure gare su, babu gareji.

Ni ƙurar hunturu ta fi damuna. Yaro ya yi rubutu da yatsa a jikin fenti, ko a goge da busasshen tsumma, sai zane ya fito. Gara a fara zuba ruwa. Rumfa na tare ranar bazara da ƙanƙarar damina.

Amma maƙwabci ne ke kwaɓar yara idan ba ka nan. Ka kyautata masa.