An Ce Ba a Ga Komai Ba

A ƙauyenmu, can tsakanin Batsari da Safana, gab da bakin dajin Rugu, damina biyu kawai ake ɗaga wa amarya ƙafa. Idan ta wuce haka shiru, sai magana ta fara tashi a bakin rijiya da wurin sussuka. Na yi ƙuruciyata a shekarun 1980, muna cikin tsohuwar jihar Kaduna kafin a yanki Katsina a 1987, kuma a gidanmu akwai matar kawuna da ta haura shekara goma da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Babu abin da ba a gwada mata ba. Ta sha rubutu. Duk Alhamis da wani zai je kasuwar Batsari sai an ba shi sautun saiwa ko sassaƙe, a jiƙa a tukunya, ta riƙa sha tana yamutsa fuska. 'Yan bori suka ce namijin dare ne ya aure ta; tsofaffi suka ce ciki ne ya kwanta, wata rana zai tashi. Wata ungozoma ma ta kawo shawarar a yi mata yankan gishiri, kakarmu ta buga ƙafa a ƙasa: "Ba da 'yar mutane ba. Haihuwa ta Allah ce, aska ba ta kawo ta." Ta yi mata rana. A asibitin Babbar Ruga da ke kan hanyar Batsari in ka fito Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke matan da ke yoyon fitsari, akasarinsu doguwar naƙuda ce ta illata su, amma akwai waɗanda wannan yankan ne ya kai su.

Daga ƙarshe aka kai ta wani asibiti a birni. Suka dawo da 'yar takarda da magana ɗaya: an duba, ba a ga komai ba. Mutanen gida suka ce to ai ga shi nan, tunda Bature bai gani ba, iska ce. Shi kuwa kawu ko tambayarsa ba a yi ba. Shi ne ma ya biya kuɗin mota, ya zauna gindin bedi yana jiran a gama da ita.

Abu uku likita kan fara dubawa: ko mace na fitar da ƙwai, ko hanyoyin da ke kai ƙwan mahaifa a buɗe suke, sai maniyyin miji. In ukun suka fito lafiya sai a rubuta cewa ba a san dalili ba, wato iyakar inda awo ya kai ke nan. A namu kuwa biyu aka duba cikin uku, alhali a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, namiji na da hannu a matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum 1 cikin 6 kan gamu da wannan a rayuwarsa.

Abin da ya fi tsaya mini in na waiwaya shi ne kududdufi. Da damina nan muke wuni muna iyo, 'yan mata na wanki a gefe, ruwa har gwiwa. Yaron da ya fara fitsarin jini sai a yi masa dariya a ce ya zama namiji. Tsargiya ce. Tsutsarta tana fitowa daga jikin dodon koɗi, ta huda fata, ta girma a jijiyoyin jini, ta yi ta zuba ƙwai. A mace ƙwan kan maƙale a bakin mahaifa da hanyoyinta, ya bar tabo; a namiji ya taɓa inda ruwan maniyyi ke fitowa. Mace ta yi ta fama da ƙaiƙayi da zubar ruwa ana ce mata sanyi ne, ana ba ta maganin da ba nasa ba, ga shi ƙwayar praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta tana kashe tsutsar. Likitan da bai tambayi inda mace ta yi wanki tana yarinya ba, da wuya tunaninsa ya kai can.

Sauran dalilan ma a gabanmu suke. Hangum in ya kama saurayi bayan ya balaga yakan sauka maraina. Maƙoƙo da muke gani a wuyan mata kafin a fara sa wa gishiri aidin yana rikita al'ada. Ɓarin da aka yi jinyarsa a ɗaki kan bar ciwon da ke toshe hanya a ɓoye. Zazzaɓi mai zafi kan rage ƙarfin maniyyi na wata biyu zuwa uku. Daga baya ga maganin feshi, wanda samarinmu ke goyawa a baya ba safar hannu ba takunkumi, yana tsiyaya a gadon bayansu. Ban ce kowanne cikin waɗannan shi kaɗai zai hana haihuwa ba. Haɗuwa suke yi, kamar ɗigon ruwa da ke cika tulu.

Akwai kuma lissafin da kunya ta hana a yi. Kwana shida ne kacal a wata mace ke iya ɗaukar ciki. Kawu yana kai amfanin gona gida yake tafiya ci-rani, sai gajimare ya fara haɗuwa ya dawo. Da ya ƙara aure kuma aka koma rabon kwana bibbiyu. A ganina mai maganin gargajiya ya fi likita sauraron labarin mace, sai dai dalili ɗaya gare shi ga kowa. Likita kuma ya san dalilai da yawa, amma layi ya yi masa tsawo, ba ya tambayar yadda ake zaman gida.

Yanzu 'yan bindiga sun ƙara wani nauyin. Ƙauyuka da dama a yankin Ruma da Runka sun watse, kuma yunwa da fargaba kan sa al'adar mace ta ɗauke gaba ɗaya. Sai ka ga mace tana raɓe gidan dangi a Katsina ko Dutsin-Ma, ɗaki ɗaya da mutum takwas, mijinta yana Abuja ko Legas yana tura baro, yana zuwa gida da ƙaramar Sallah da babba.