Shuwakar bayan ɗaki

Duk gidan da ya daɗe a unguwar Fadikpe ta Minna, in ka zagaya inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, da wuya ka rasa gindin shuwaka. Haka muka saba tun gonakin doyar maƙwabtanmu Gbagyi sun fi gidaje yawa a nan. Da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, gini ya yi ta cin fili. Yau mai gidan haya yakan malale tsakar gida da siminti har bakin katanga, sai ka ga matar aure ta hau Keke Napep zuwa Kasuwar Kure don ganyen da a da miƙa hannu kawai take yi ta tsinka. Abin yana damuna, domin ko a tsohon bokiti aka dasa shuwaka za ta rayu.

Shuwaka ba ta da wuyar sha'ani. Reshe ake sara, wanda ya ƙosa, mai kaurin yatsa, tsawon kamu ɗaya, a soka shi a karkace cikin ƙasa mai laima idan damina ta kankama a watan Mayu. Kafin mako uku ka ga tsiro ya leƙo. Abin da sababbin masu dasawa ba sa iya yi shi ne tsinke mata kai. Suna jin tausayinta, su bar ta ta miƙe sama har ta wuce katanga, ganye ya yi ƙanana ya yi tauri. Wadda ake yawan tsinka ita ke yin rassa da faffaɗan ganye. Da rani a datse ta, a zuba toka a gindi saboda gara, a kuma kare ta daga awaki. Ni nakan bar gindi guda ya yi fure lokacin hunturu, farin fure ƙanana da ƙudan zuma ba ya rabuwa da shi.

Wanki ne inda ake gane hannu. A zuba ganye a roba da ɗan gishiri, a murza da tafin hannu har kumfa ta taso, ruwan ya koma kore shar, a matse, a zubar, a sake. Bayan ɗauraya ta uku sai a ɗanɗana. Yaran yanzu sukan tafasa ta da kanwa don sauri, ta fito laushi tiɓis, ba launi ba ɗanɗano. Ban yarda da wannan ba. Miyar shuwaka da gyaɗa da bandar kifi, wadda muke yi wa mai jego ta ci da tuwon shinkafa, ɗan ɗacin nan da ke saura a ƙarshen harshe shi ke buɗe mata baki ta ci abinci. Ibo suna kiranta onugbu, Yarbawa kuma suna cewa ewuro.

Maganin da ke cikinta ba ƙarya ba ne. Mun sha ruwanta don ciwon ciki, mun yi asuwaki da itacenta. Har a dajin Mahale na Tanzaniya, a 1987, wani masani Michael Huffman ya ga birin cimfanzi marar lafiya yana ɓare reshenta yana tsotse ɗacin ciki. Amma yadda ake zuzuta ta yanzu a waya, wai tana raba mutum da ciwon suga da hawan jini kwata-kwata, ya wuce gona da iri. Na san dattijon da ya ajiye ƙwayoyinsa na suga ya koma shan kofi guda na ruwan shuwaka safe da yamma, sai ɗaukarsa aka yi ranga-ranga zuwa asibiti. Allah ya yi da sauran kwana.

Tun daga nan, duk yaron da aka aiko ya ce, "Inna, wai a taimaka da ganyen shuwaka," nakan tambaye shi miya za a yi ko sha. In ya ce sha, ina ba shi, amma sai na yafa mayafi na bi shi har gida, in ji daga bakin mai ciwon cewa bai daina shan maganin likita ba.